Ciwon Taɓin Hankali: A Tare Shi Tun Farkonsa

Zuwa ga masu gida da uwayen gida na ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum.

An shirya wannan takarda domin a karanta ta a zaure, a kuma shiga da ita cikin gida a karanta wa mata. Wanda ya iya karatu ya taimaki wanda bai iya ba. Magana ɗaya ce a cikinta. In ciwon taɓin hankali ya kama mutum karo na fari, makonnin nan na farko sun fi kowane lokaci amfani wajen magani. Wanda aka kai asibiti da wuri yakan koma gonarsa ko makarantarsa, mace ta koma ɗakinta. Wanda aka ɓoye shekara da shekaru kuwa, maganinsa yakan yi wuya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

MENE NE WANNAN CIWO?

Ƙwaƙwalwa gaɓa ce cikin gaɓoɓin jiki, kamar hanta da huhu. Yadda huhu kan kamu da ciwo mutum ya yi ta tari, haka ƙwaƙwalwa kan kamu da ciwo tunani ya rikice. Mai wannan ciwo yakan ji murya alhali ba mai magana, ko ya ga abin da babu, ko ya kafe a kan wani zance marar tushe, ko da duk gari sun taru sun nuna masa. Ba ƙarya yake yi ba. A wurinsa abin nan gaskiya ne, kamar yadda kake ganin tafin hannunka.

Likitoci sun gano akwai wani sinadari cikin ƙwaƙwalwa, ana ce da shi dofamin, wanda ke kai saƙo daga wannan sashe zuwa wancan. In aikinsa ya wuce kima a wani sashe, sai ƙaramin abu ya zame wa mutum babba. Maƙwabci ya yi tari, ya ce habaici ake masa. Rediyo ya yi magana, ya ce da shi ake. Maganin asibiti yana rage wannan wuce kima.

Ciwon iri-iri ne. Wani yakan zo sau ɗaya, ba ya komowa. Wani yakan tafi ya dawo. Akwai mai daɗewa wanda likitoci ke kira sikizofiriniya. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi kaɗai yana kama kimanin mutum 1 cikin 300. Watau garin da ke da mutum 3,000 ana iya samun wajen 10 a cikinsa. Galibi yakan fara daga ƙarshen balaga zuwa wajen shekara 30, lokacin da saurayi ke kama sana'a, budurwa ke shiga ɗakin aure. Yakan riga kama maza kafin mata.

ABUBUWAN DA KE BUƊE MASA ƘOFA

1. Gado. In akwai shi cikin dangi ya fi saurin kama wani daga cikinsu. Amma yawancin 'ya'yan mai ciwon ba su yin sa.

2. Shaye-shaye. Wiwi ita ce kan gaba, balle ga yaron da ya fara ta tun yana ƙarami. Tramol da sholisho da maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana a 2018, duk suna ƙara rikita kai.

3. Tsananin firgita da baƙin ciki da rashin barci. Mutanen ƙasarmu sun sha wahalar 'yan bindiga da gudun hijira. Irin wannan yana iya tayar da ciwon ga wanda dama yake kwance a jikinsa.

4. Haihuwa. Za mu yi maganarta nan gaba.

Ku sani ba a ɗaukar wannan ciwo ta cin tuwo kwano ɗaya, ko ta yawu, ko ta cizo. Kada a ƙyamaci mai shi.

ALAMUN FARKO

Ciwon ba safai yakan faɗo rana ɗaya ba. Yakan yi sallama tukuna, makonni ko watanni. Ku lura da waɗannan:

Yaro mai son mutane ya daina zuwa dandali, ya kulle kansa a ɗaki. Barci ya ƙaurace masa, ya kwana yana zagaya gida. Ya bar wanka da wanki. Ya je gona ya tsaya da fartanya a hannu, bai yi kunya ɗaya ba. Ɗan makaranta ya kasa riƙe abin da ya iya a da. Ya fara zargin mutanen gida ba dalili.

Waɗannan kaɗai ba su tabbatar da ciwon ba, gama baƙin ciki ma yakan kawo su. Amma in sun wuce mako biyu suna ƙaruwa, a zo ɗakin magani a yi shawara.

Ga kuma alamun da ba su da shakka. Yana magana ko dariya shi kaɗai kamar mai amsa wa wani. Ya ƙi abincin uwarsa, wai an sa masa guba. Ya ce ana bin sa, ko ana karanta abin da ke zuciyarsa. Ya ce shi sarki ne ko an aiko shi da wani saƙo. Maganarsa ta warwatse, ba kai ba gindi. In kun ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada mako ya ƙare ba ku kai shi ba.

CIWON DA KE KAMA DA SHI, AMMA BA YA JIRAN GOBE

Akwai ruɗewar da ba taɓin hankali ba ce, ciwon jiki ne ya hau kai. Ita takan zo farat ɗaya, cikin sa'o'i ko kwana ɗaya biyu. Mutum ba ya sanin inda yake, ba ya gane dare da rana, yana gyangyaɗi yana farkawa. Sau da yawa akwai zafin jiki.

Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yakan yi haka. Sanƙarau ma haka, kuma ba mu manta da annobarsa ta 2017 ba, wadda ta fi tsanani a Zamfara. Alamarsa zazzaɓi da ciwon kai da sandarewar wuya. Zaƙami yakan haukata wanda ya sha shi. Bugu a ka da farfaɗiya su ma sukan bar mutum cikin ruɗewa.

Sa'an nan akwai gubar dalma. A 2010 ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da Abare da 'Yargalma, saboda niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta yaro da ta babba. Saboda haka in majinyacinku yana aikin haƙar zinariya ko niƙanta, ku faɗa wa likita tun bai tambaya ba.

Duk wanda ruɗewa ta zo masa da zazzaɓi ko jijjiga ko suma, a kai shi asibiti ran nan, ko da rana ta yi sanyi.

MAI JEGO

Cikin haihuwa 1,000 akan sami mace 1 ko 2 da ciwon ke kamawa, galibi cikin mako biyu na farkon jego. Takan kasa barci ko da jariri ya yi barci, ta yi ta surutu, ko ta yi shiru ta ƙi ba da nono, ko ta ce ɗan ba nata ba ne. Wannan na gaggawa ne, domin ranta da na jaririn suna cikin haɗari. Kada a bar ta ita kaɗai da shi. Kada kuma a raba su ƙarfi da yaji. Uwarta ko wata babbar mace ta zauna kusa sa'ad da take shayarwa, a kuma kai ta asibiti ba jinkiri. Irin wannan yana jin magani ƙwarai, yawancin mata sukan warke sarai. In ta sake samun ciki a gaya wa ungozomar asibiti tun wurin awo, gama yana iya dawowa.

DON ME AKE GAGGAWA?

Na ɗaya, magani ya fi kama jiki a karo na fari. Kaɗan yakan isa, kuma yawancin masu karon fari muryoyin nan sukan ragu ƙwarai ko su ɗauke. Likitoci a ƙasashe da yawa sun auna, sun ga gwargwadon daɗewar mutum ba magani, gwargwadon wuyar komawarsa yadda yake.

Na biyu, ciwon yana cin abin da magani ba ya mayarwa. Cikin shekara guda da aka yi ana jira, damina ta wuce ba a noma ba, an kore shi daga makaranta, an fasa baikonsa, an saki matar, yara sun fara bin sa da jifa. Ko ya warke daga baya, wa zai mayar masa da waɗannan?

Na uku, a shekarun farko ne aka fi jin tsoron mutum ya hallaka kansa, ko ya bi daji ya ɓace.

Ga abin da aka gwada a ƙasar Norwe daga 1997 zuwa 2000. A wani yanki aka yi ta sanar da jama'a alamun ciwon ta jarida da rediyo da makarantu, aka kuma sa ma'aikata masu zuwa duba mutum da zarar an kira su. A wani yankin ba a yi haka ba. Inda aka yi sanarwa, jinkirin kai majinyaci ya tsaya wajen mako 5, ɗaya wajen kuwa mako 16. Bayan shekara 10 aka koma aka duba. Waɗanda suka warke suna aikinsu a yankin farko sun ninka na ɗaya yankin. Magani iri ɗaya ne, saurin zuwa ne ya bambanta su. Shi ya sa tun 2016 gwamnatin Ingila ta sa wa asibitocinta ƙa'idar fara kula da mai karon fari cikin mako biyu da aiko shi.

YADDA AKE JINYAR KARON FARI

A 1952 likitoci a birnin Faris na Faransa suka fara ba masu wannan ciwo ƙwayar kulofuromazin, wadda aka fi sani da Largactil. Kafin nan kulle da ɗauri su ne abin da aka fi yi ko'ina a duniya.

A 1954 wani likita ɗan Nijeriya, Thomas Adeoye Lambo, ya fito da wata dabara a Aro, kusa da Abekuta. Maimakon a kulle majinyata, sai ya saukar da su a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa da ɗan'uwansa mai jinya. Da rana su zo karɓar magani, da dare su kwana cikin mutane. Labarin wannan aiki ya kai ko'ina, shi kuma daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

A 1992 wani likita, Patrick McGorry, ya buɗe wurin jinya na musamman don samari masu karon fari a birnin Malbon na Ostireliya. Ƙasashe da yawa sun kwaikwaye shi. Aikinsu yana tsaye a kan ƙafa huɗu: a fara da wuri, a ba da magani kaɗan gwargwadon bukata, a koya wa dangi yadda za su yi, a mai da mutum ga karatunsa ko sana'arsa. Sukan bi shi shekara biyu ko uku.

Irin waɗannan wurare ba su iso ƙauyukanmu ba tukuna. Amma ku duba ƙafafun nan huɗu. Ɗaya kaɗai ce a hannun likita. Saura uku suna hannun mutanen gida.

INA ZA A KAI SHI?

A fara da ɗakin magani mafi kusa, ko babban asibitin Anka, ko na Gummi, ko na Bukkuyum. Can za a duba ko zazzaɓi ne ko wani ciwon jiki. In ana bukatar likitan ƙwaƙwalwa, ku roƙi takardar turawa. Akwai Asibitin Tarayya na Gusau, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Kware, arewa da Sakkwato a kan hanyar Illela, wanda wannan ne aikinsa.

Wanda ya san farkon abin shi zai raka shi, uba ko uwa ko wa. A tafi da duk abin da aka riga aka ba shi, na kanti da na gargajiya. Kada a ɓoye zancen wiwi don kunya, likita ba alƙali ba ne. A bincika lafiyar hanya kafin a tashi, a yi tafiya da rana.

Kada a yaudare shi a ce kasuwa za a. In ya gane, ba zai ƙara yarda da ku ba. Uba ya zauna kusa da shi ya ce, "Ɗana, na ga kwana biyu ba ka samun barci, duk ka rame. Tashi mu je likita ya duba ka, ni zan raka ka." Sau da yawa wannan ya isa.

Game da kuɗi, tsofaffin magungunan nan suna da araha. Na wata guda bai kai kuɗin akuya ba. Gidaje nawa suka sayar da sa da gona wajen yawon neman magani, sa'an nan suka iso asibiti hannu wofi?

MALAM DA LIKITA

Mun san yawancin mutane sukan fara da malam ko mai maganin gargajiya, su ce iska ce ko sammu. Ba wanda ya hana addu'a, kuma malamanmu sun karantar da mu cewa neman magani ba ya ɓata tawakkali. Abin da muke roƙo shi ne kada ɗaya ya tare wa ɗaya hanya. A yi addu'a yau, a je asibiti yau. A Badun da Kumasi an gwada haɗa masu maganin gargajiya da masu addu'a da ma'aikatan asibiti, a ƙarƙashin Farfesa Oye Gureje. Sakamakon da aka bayyana a 2020 ya nuna majinyatan da aka haɗa musu hannu sun fi samun sauƙi.

Amma duk wanda ya ce a yi duka, ko a hana abinci, ko a turara hayaƙi a ɗaki rufe, ko a zubar da ƙwayar asibiti, ku ɗauke ɗanku daga wurinsa.

MARI DA TURU BA MAGANI BA NE

Ɗauri yana kawo gyambo, yana shanye ƙafa, yana kuma tabbatar wa majinyaci zarginsa cewa mutanen gida maƙiyansa ne. A Janairun 2023 aka sanar da sa hannun Shugaba Muhammadu Buhari a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Ta ba mai wannan ciwo haƙƙin a kiyaye shi daga duka da azaba da ɗauri da sarƙa.

Yawancin masu ciwon ba su faɗa, tsoro ne ya cika su. In ya harzuƙa, a kori 'yan kallo. Mutum ɗaya wanda yake jin nauyinsa ya yi masa magana da murya ƙasa-ƙasa. Kada a yi gardama da shi a kan muryoyin, kada kuma a ce an ji su. A ce, "Ni ban ji ba, amma na ga abin yana damunka." A kawar da wuƙa da adda da igiya da bindiga da maganin feshi. In ya ambaci mutuwa ko kashe kansa, kada a ɗauka wasa ne. A zauna da shi dare da rana har a kai shi asibiti.

KA'IDODIN SHAN MAGANI

1. Mutum ɗaya a gida ya riƙe maganin, ya ba shi da hannunsa kullum, ya ga ya haɗiye.

2. A yi haƙuri. Barci da natsuwa sukan zo cikin 'yan kwanaki, amma muryoyi da zargi sukan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin su lafa.

3. Kada a daina don an ga sauƙi. Nan ne aka fi yin hasara. Galibi akan ci gaba wajen shekara guda ko fiye bayan an warke, likita ne kuma zai rage shi sannu-sannu. Yawancin waɗanda suka yanke shi da kansu ciwon yakan dawo musu.

4. Haloferidol da Largactil sukan kawo sandarewar wuya, da rawar hannu, da dalalar yawu. Risferidon da olanzafin sukan sa ƙiba da yawan barci. Duk akwai dabararsu. A komo a faɗa, a rage ko a sauya. Amma in zazzaɓi mai zafi ya haɗu da sandarewar jiki duka, a tsai da maganin a kai shi asibiti nan take.

5. Wanda ba ya son ƙwaya, ko gidansu ke nesa, a tambayi likita zancen allura wadda ake yi sau ɗaya cikin mako 2 zuwa 4.

6. Kafin azumi a tambayi likita yadda za a mai da shan magani dare. Mai ciki da mai shayarwa su faɗa masa halin da suke ciki.

7. Kada a sayi magani a kasuwa, kada a ara wa maƙwabci. A ajiye shi inda yara ba su kaiwa. A je kafin ya ƙare, kada a jira ranar da ya ƙare.

KOMAWA CIKIN MUTANE

Da zarar ya natsu a ba shi ɗan aiki: ba dabbobi ruwa, ɗebo itace, rakiya gona da safe. A ƙara masa kaɗan-kaɗan. Ya ci abinci tare da kowa, ya je masallaci, ya je suna da biki. In ya yi nawa kada a ce ragwanci ne, ciwon ne bai gama sakinsa ba. Faɗa da gori suna tayar da ciwon, haka kuma yawan sa ido. A hana yara kiransa mahaukaci. A raba shi da abokan shaye-shaye.

Aure ba maganin wannan ciwo ba ne, kada a ɗaura wa mutum shi yana tsakiyar ciwo. Amma wanda ya warke yana iya aure ya haifu, in an gaya wa ɗaya gefen gaskiya. Maigida kuma kada ya saki matarsa don ta kamu. Da shi ne ya kwanta, da ita za ta yi jinya.

Ku riƙe alamar da ciwon ya fara da ita, gama da ita yakan dawo. In barci ya ƙi kwana biyu uku, ko ya soma keɓe kansa, a komo asibiti kada a jira ranar da aka rubuta.

Dagatai da masu unguwa da limamai da ungozomai, ku ne idon gari. In kun ji an kulle wani yaro a ɗaki, ku je ku yi wa uban magana a asirce, ku nuna masa hanya. Ranar da aka ga alama, ran nan ake fara shirin tafiya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinya haƙuri da lada. Amin.